Taƙaitaccen tarihin Gottfried Leibniz, mai alamomin lissafin kalkulas

A ranar 14 ga watan Nuwamban shekarar 1716 ne Gottfried Wilhelm Leibniz ya mutu a birnin Hannover na ƙasar Jamus, yana da shekaru 70 a duniya.

Duk da cewa ya shafe shekaru 40 yana yi wa gidan sarautar birnin hidima, babu wani daga cikin manyan fada da ya halarci jana'izarsa in ban da sakatarensa, kuma kabarinsa ya yi fiye da shekaru 50 babu ko rubutun suna a kai.

Ya bar duniya ne da tabon zargin satar ilmi, domin kuwa shekaru huɗu kafin nan wani kwamitin masana a birnin Landan ya yanke hukuncin cewa Isaac Newton ne ya fara gano kalkulas, wato lissafin da ake auna sauyi da shi, tare da nuna cewa Leibniz leƙen takardunsa ya yi.

To amma a yau, duk ɗalibin da ya shiga ajin farko na jami'a domin karatun injiniya ko kimiyya ko tattalin arziki, alamomin da Leibniz ya ƙirƙiro yake rubutawa a littafinsa, hatta a jami'ar Cambridge inda Newton ya koyar.

Ƙuruciya da karatu

An haifi Leibniz ne a birnin Leipzig ranar 1 ga watan Yulin shekarar 1646, shekaru biyu kafin ƙarshen yaƙin nan na shekaru 30 da ya ɗaiɗaita ƙasashen Jamusawa.

Mahaifinsa malamin falsafa ne a jami'ar birnin, kuma ya rasu yaron yana ɗan shekara shida. Babban abin da ya gada shi ne ɗakin littattafan mahaifin, inda ya duƙufa har ya ƙware a harshen Latin tun yana kimanin shekaru 12.

Ya shiga jami'ar Leipzig a shekarar 1661, ya karanta falsafa da shari'a. A shekarar 1666 ya wallafa wani ɗan littafi kan yadda ake harhaɗa abubuwa, inda ya bayyana burin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: samar da wasu alamomi da za a riƙa rubuta tunani da su, ta yadda masu gardama za su zauna su lissafa su ga wanda ke da gaskiya, kamar yadda 'yan kasuwa ke warware saɓani a kan ciniki.

A wannan shekarar jami'ar ta ƙi ba shi digirin digirgir a fannin shari'a, kuma ana ganin ƙarancin shekarunsa ne ya janyo hakan. Ya tattara ya koma jami'ar Altdorf da ke kusa da Nuremberg, ya sami digirin yana da shekaru 20. An yi masa tayin kujerar koyarwa ya ƙi, ya zaɓi aikin fada a wajen mai mulkin Mainz.

Tafiyar da ta sauya rayuwarsa

Siyasa ce ta kai Leibniz birnin Paris a shekarar 1672. Sarki Louis na 14 na Faransa yana barazana ga maƙwabtansa, shi kuwa Leibniz ya tsara wata shawara ta karkatar da sojojin sarkin daga Turai zuwa Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Fadar Faransa ba ta karɓi shawarar ba, kuma ba a daɗe ba iyayen gidansa biyu na Mainz suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ya ci gaba da zama a Paris har tsawon shekaru huɗu.

A can ne ya haɗu da Christiaan Huygens, masanin nan ɗan ƙasar Holan da ya ƙera agogo mai lilo. Huygens ya lura cewa saurayin yana da kaifin basira, amma iliminsa na lissafi bai taka kara ya karya ba, saboda haka ya riƙa nuna masa littattafan da zai karanta, ya kuma jarraba shi da wata tambaya.

Tambayar ita ce a tara 1 da 1/3 da 1/6 da 1/10 da 1/15, a ci gaba a haka ba tsayawa. Leibniz ya lura cewa rabin kowane adadi a jerin bambanci ne tsakanin wasu adadi biyu masu bin juna: rabin 1 shi ne 1 a cire 1/2, rabin 1/3 shi ne 1/2 a cire 1/3, rabin 1/6 kuma shi ne 1/3 a cire 1/4.

Idan aka tara su, duk abin da aka cire a wani mataki ana mayar da shi a mataki na gaba, sai 1 na farko kawai ya rage. Tun da rabin jimlar 1 ne, amsar ita ce 2.

Darasin da ya ɗauka shi ne cewa tarawa da ɗaukar bambanci ayyuka biyu ne da ke warware juna. Ana iya ganin haka a jerin 0, 1, 4, 9, 16, 25. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne 1, 3, 5, 7, 9, kuma in an tara waɗannan, 25 za a samu, wato tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe.

A farkon shekarar 1673 ya ziyarci Landan, ya nuna wa ƙungiyar masana ta Royal Society wata na'urar lissafi da ya ƙera domin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aka kuma zaɓe shi ɗan ƙungiyar. Sai dai a wannan ziyarar ya ji kunya, lokacin da wani masani mai suna John Pell ya shaida masa cewa wasu sakamakon da yake ɗauka nasa ne an riga an buga su a Faransa. Daga baya abokan hamayyarsa sun tono wannan magana.

Matsalar auna sauyi

Shi dai kalkulas amsa ce ga tambayoyi biyu da suka daɗe suna ci wa masana tuwo a ƙwarya. Ta farko ita ce yadda za a san saurin abu a daidai wani lokaci guda, alhali saurin yana sauyawa. Ta biyu kuma ita ce yadda za a auna faɗin fili ko girman cikin mazubi idan gefensa a lanƙwashe yake.

Idan aka saki dutse daga saman dogon gini, aka kuma kawar da kai daga turjiyar iska, yakan faɗi kimanin mita 5 cikin sakan ɗaya, mita 20 cikin sakan biyu, mita 45 cikin sakan uku. To mene ne saurinsa a daidai cikar sakan biyu?

Idan aka duba kashi ɗaya cikin goma na sakan da ya biyo baya, matsakaicin saurin zai kama mita 20.5 a sakan. Idan aka rage lokacin zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, zai koma 20.05. Duk sa'ad da aka ƙara matse lokacin, amsar tana ƙara kusantar 20, kuma wannan shi ne saurin da ake nema.

Masana da dama sun taɓa ɓangarorin wannan aiki. Archimedes na tsohuwar Girka ya auna wasu lanƙwasassun filaye ta hanyar yanka su ƙanana ƙanana. Sabit bin Ƙurra ya ɗora a kai a Bagadaza cikin ƙarni na tara, sannan Hasan Ibn al-Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya samo hanyar tara lambobin da aka ninka kowanne da kansa sau huɗu domin auna cikin wani mazubi mai lanƙwasa.

A Turai kuma akwai irin su Fermat da Cavalieri da Pascal da Barrow. Sai dai kusan kowace matsala da dabararta ta daban, kuma ƙwararre ne kawai ke iya samo ta. Abin da ya rage shi ne hanya guda da za ta yi aiki a ko'ina, wadda kuma za a iya koyar da ita.

Takardun shekarar 1675

Leibniz ya ɗauki darasin da ya koya a jerin lambobi ya ɗora shi a kan lanƙwasasshen layi. Ya kalli layin a matsayin jerin matakai masu matuƙar ƙanƙanta. Ɗaukar bambanci tsakanin mataki da mataki yana nuna saurin sauyi, tara siraran yanka kuma yana ba da faɗin fili, kuma kowanne daga cikin ayyukan biyu yana warware ɗayan.

Takardunsa na wannan lokaci suna nan ajiye a Hannover da kwanan wata a kansu. A ranar 29 ga watan Oktoban 1675 ya fara rubuta alamar ∫, wato dogon harafin S daga kalmar Latin mai nufin jimla. A cikin watan Nuwamba kuma ya fara rubuta dx, inda harafin d ya fito daga kalmar da ke nufin bambanci.

Amfanin alamomin shi ne suna yi wa mai lissafi jagora. Idan y yana sauyawa tare da x, ana rubuta saurin sauyin a matsayin dy/dx, tamkar ana raba ɗan ƙaramin sauyi da wani ɗan ƙaramin sauyi.

Misali, motar da ke shan lita ɗaya a kowace kilomita 10, tana kuma gudun kilomita 80 a sa'a, lita 8 take sha a sa'a guda. An ninka saurin sauyi biyu ne aka sami na uku, kuma a rubutun Leibniz wannan ƙa'ida tana fitowa da kanta, kamar yadda ake soke lambobi a lissafin firamare.

A wannan zama na Paris ya kuma gano cewa 1 a cire 1/3 a ƙara 1/5 a cire 1/7, a ci gaba a haka, yana ba da rubu'in adadin nan da ake auna da'ira da shi. Bai san cewa makarantar Madhava da ke Kerala a kudancin Indiya ta riga shi da fiye da shekaru 200 ba.

Hidimar fada a Hannover

Da ya kasa samun aiki na dindindin a Paris, Leibniz ya karɓi muƙamin mai ba da shawara kuma mai kula da ɗakin littattafai na mai mulkin Hannover. A kan hanyarsa cikin watan Oktoban 1676 ya yada zango a Landan, inda aka nuna masa wata takardar Newton da ba a buga ba, sannan ya bi ta Holan ya gana da masanin falsafa Spinoza.

A Hannover ayyuka sun yi masa yawa. Ya kwashe shekaru yana ƙoƙarin amfani da ƙarfin iska wajen janye ruwa daga ramukan haƙar azurfa na tsaunukan Harz, abin bai yi nasara ba. An kuma ɗora masa rubuta tarihin gidan sarautar, aikin da ya kai shi Ostiriya da Italiya tsakanin 1687 zuwa 1690, kuma bai kammala shi ba har ya mutu.

A shekarar 1684 ya buga hanyarsa a mujallar Acta Eruditorum ta Leipzig, cikin wata maƙala mai 'yan shafuka kan gano mafi girma da mafi ƙanƙanta. Irin tambayar ita ce ta mai igiya mita 40 da ke son kewaye fili mai kusurwa huɗu: mita 15 da 5 za su ba shi murabba'in mita 75, mita 10 da 10 kuwa za su ba shi 100. Hanyar Leibniz tana nuna mafi girman a daidai inda sauyi ya tsaya cik. Maƙala ta biyu kan lissafin tarawa ta biyo baya a 1686.

Maƙalar farkon tana da wuyar fahimta, ga kuma kurakuran ɗab'i. Amma wasu 'yan'uwa biyu a birnin Basel na Suwizalan, Jacob da Johann Bernoulli, sun naƙalce ta suka faɗaɗa ta. A shekarar 1691 Leibniz da Johann da Huygens suka gano ainihin siffar sarƙar da aka rataye ta bakinta biyu, sannan a 1696 wani Bafaranshe, L'Hôpital, ya wallafa littafin koyarwa na farko a fannin.

Leibniz ne kuma ya shigar da kalmar Latin ta functio cikin lissafi. A wajensa tana nufin wani tsawo da ke sauyawa yayin da ake tafiya a kan lanƙwasasshen layi. Johann Bernoulli da ɗalibinsa Leonhard Euler suka mayar da ita ƙa'idar da ke nuna yadda wani adadi ya dogara da wani, kamar yadda nisan faɗuwar dutse ya dogara da lokaci. Euler ne ya kawo rubutun f(x), kuma da wannan babi ake buɗe darasin kalkulas a jami'o'i.

Rikici da Newton

Shi kuwa Newton tun a shekarun 1665 da 1666 ya gano tasa hanyar, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge. Ya kalli adadi a matsayin abu mai gudana cikin lokaci, daga baya kuma ya riƙa ɗora ɗigo a kan harafi domin nuna saurin gudun. Sai dai bai buga aikin ba, 'yan abokai kaɗan ne suka gani.

A shekarar 1676 ya aika wa Leibniz wasiƙu biyu ta hannun sakataren Royal Society. A ta biyun ya ɓoye asirin hanyarsa cikin wasu haruffa da ya hautsina, yadda babu mai iya karantawa. Leibniz ya ba da amsa a 1677, ya bayyana tasa hanyar a fili.

Da farko akwai girmamawa tsakaninsu. A bugun farko na babban littafinsa na Principia a 1687, Newton ya amince cewa Leibniz ya sami wata hanya mai kama da tasa.

Zargin ya fara fitowa fili ne a 1699 daga bakin Nicolas Fatio de Duillier, wani na kusa da Newton. A 1705 wani sharhi da ba a sa wa suna ba, wanda Leibniz ne ya rubuta, ya yi shaguɓen da mutanen Newton suka fassara da cewa ana zargin gwaninsu da kwaikwayo. Daga nan John Keill na jami'ar Oxford ya fito ƙarara ya ce Leibniz alamomi kawai ya sauya.

A shekarar 1711 Leibniz ya kai kuka ga Royal Society yana neman a wanke shi. Shugaban ƙungiyar tun daga 1703 kuwa shi ne Newton. Kwamitin da aka naɗa a 1712 bai nemi jin ta bakin Leibniz ba, kuma takardun Newton sun nuna cewa shi da kansa ya tsara rahoton, sannan ya rubuta masa sharhin yabo a 1715 ba tare da sa suna ba.

Leibniz ma bai tsaya ga gaskiya zalla ba, domin a 1713 ya baza wata takarda maras suna da ke juya zargin kan Newton.

Shekarun ƙarshe

A tsakiyar wannan taƙaddama bai daina wasu ayyukan ba. Shi ne shugaban farko na cibiyar kimiyya ta Berlin da aka kafa a 1700. A 1703 ya yi bayanin lissafin da ke amfani da sifili da ɗaya kawai, wanda kwamfuta ke aiki da shi a yau. A 1710 ya wallafa littafinsa kan adalcin Ubangiji da samuwar sharri a duniya, ya kuma ba Sarki Peter na Rasha shawarwari kan ilmi.

A shekarar 1714 uban gidansa Georg Ludwig ya zama Sarki George na ɗaya na Birtaniya. Leibniz ya so ya bi shi Landan, amma aka umarce shi da ya zauna a Hannover ya ƙarasa littafin tarihin. A nan ya ƙare kwanakinsa yana fama da ciwon gaɓoɓi. Bai taɓa aure ba.

Daga cikin manyan cibiyoyin masana da yake ciki, ta Paris ce kawai ta yi masa jawabin ta'aziyya. Newton, wanda ya mutu a 1727, an binne shi ne a majami'ar Westminster inda a wancan zamani ake binne sarakunan Ingila, bayan ya cire amincewar da ya yi wa Leibniz daga bugu na uku na littafinsa.

Hukuncin tarihi

Masana tarihin lissafi da suka bi takardun mutanen biyu sun cimma matsaya cewa kowannensu ya gano kalkulas ne da kansa. Newton ya riga da kimanin shekaru tara, Leibniz kuma ya riga bugawa. Takardun 1675 sun girmi wasiƙun Newton da kuma ziyarar Landan ta biyu, saboda haka zargin sata ba shi da tushe.

Ingila ta biya farashin nasarar da ta yi. Masananta sun riƙe ɗigon Newton saboda kishin ƙasa har kusan shekaru ɗari, yayin da Euler da Lagrange da Laplace suka yi nisa da alamomin Leibniz. Sai a 1812 wasu ɗaliban Cambridge, ciki har da Charles Babbage da John Herschel, suka kafa ƙungiyar da ta yi fafutikar shigo da alamomin. Ɗigon Newton ya saura ne musamman a lissafin motsi.

Akwai dai giɓin da duka biyun suka bari. Babu wanda ya iya fayyace mene ne wannan ƙanƙanin adadi da ake raba abu da shi kamar ba sifili ba ne, sannan a yar da shi kamar sifili. Wani malamin coci, George Berkeley, ya caccaki wannan rauni a 1734.

Sai a ƙarni na 19 Cauchy da Weierstrass suka gina fannin a kan ma'anar iyakar da adadi ke kusanta, kamar yadda saurin dutsen nan ya riƙa kusantar 20. A shekarun 1960 kuma Abraham Robinson ya nuna cewa ana iya kafa ƙananan adadin Leibniz a kan hujja ingantacciya.

Leibniz ya bar wasiƙu kimanin 15,000 da ya yi musaya da mutane fiye da 1,000, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kundin abubuwan tarihi na duniya a shekarar 2007. Jami'ar Hannover ta ɗauki sunansa a 2006. An fitar da juzu'in farko na cikakken tarin rubuce-rubucensa a 1923, kuma har yanzu masana a Jamus ba su kammala aikin ba.